Zaɓen Ƙananan Sifikoki Don Ofis: Abin Dubawa Kafin A Biya Kuɗi

Mafi yawan waɗanda ke shiga shago neman sifikar ofis sukan fara da tambayar wat nawa gare ta, mai shago kuma ya nuna musu lambar da ta fi girma a jikin kwali. A ganina babu tambayar da ta fi wannan ɓatar da mai saye, domin abin da ya kamata mutum ya fara aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin kujerarsa da wurin da sifikokin za su zauna, da kuma iyakar ƙarar da zai iya saki ba tare da ya takura wa abokin aikinsa ba. A ofis, mai sauraro yana zaune ne mita 1 ko 2 daga sifika, yana jin labarai ko karatu ko waƙa a hankali na tsawon sa'o'i, wani lokaci ma yana amsa waya a tsakani. Sifikar da ta dace da wannan aiki ita ce wadda muryar mutum ke fita tangaran a cikinta ko da an rage ƙara sosai, wadda kuma ba ta gajiyar da kunne daga safe zuwa la'asar.

Lissafin wat ɗin ba shi da wuyar ganewa. Ƙananan sifikoki da yawa suna fitar da sauti mai ƙarfin desibel 84 zuwa 88 a tazarar mita 1 idan aka ba su wat 1 kacal. Hirar mutum biyu ta yau da kullum tana tsayawa ne wajen desibel 60, ita kuwa hukumar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata, ta sa desibel 85 na tsawon sa'o'i 8 a matsayin iyakar da ƙetare ta ke iya cutar da ji. Ke nan wanda ke sauraro a teburinsa da wuya ya ci wat 1 cikakke a yawancin yininsa. Bugu da ƙari, ninka wat sau biyu ba ya ƙara sama da desibel 3, saboda haka bambancin mai wat 40 da mai wat 80 ƙarami ne a kunne. Idan dai dole sai an duba lamba, to a nemi wadda aka rubuta RMS a gefenta, a kawar da kai daga dubban wat da ake bugawa da sunan PMPO, domin wannan ba ma'auni ba ne da kamfanoni suka yi ittifaƙi a kansa.

Babban zaɓin da ke gaban mai saye shi ne tsakanin sifika mai amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, a cikinta da wadda sai an nemo mata amfilifaya daban. Ta farko, a jona ta da wuta, a haɗa ta da kwamfuta ko waya, shi ke nan ta fara aiki, ba ta kuma cinye tebur da tarin wayoyi. Ta biyu akwati ce kawai da fayafayan sauti, sai an sayi amfilifaya da wayar da za ta haɗa su, amma kowane ɓangare yana zaman kansa.

A cikin masu amfilifaya a ciki, Edifier R1280T na daga cikin waɗanda aka fi sani a sahun masu sauƙin kuɗi. Babban faifanta, wanda masu gyara ke kira wufa, inci 4 ne, ƙarfinta duka wat 42, tana da mashigin sauti biyu, ta yadda kwamfuta da wata na'urar za su zauna a jone lokaci guda, kuma tana zuwa da rimot. Kafar iskarta, wato ramin da iska ke fita daga akwatin, a gaba take, wanda hakan ya sa ana iya matsa ta kusa da bango. Sautinta mai kauri ne da laushi, yana da daɗin zama da shi duk yini, sai dai wanda ya saba da sifika mai tsada zai ji cewa wasu ƙananan sautuka na kayan kiɗa suna ɓacewa. 'Yar'uwarta R1280DB ita ce aka ƙara wa Bluetooth da mashigin dijital. PreSonus Eris E3.5 ta fi ta ƙanƙanta, wufarta inci 3.5, kuma abin da ya sa nake ganin ta dace da tebur shi ne maɓallin ƙara da kafar abin sauraro na kunne duk a gaba suke, inda hannu ke kaiwa ba sai an tashi ba, amma kafar iskarta a baya take. Audioengine A2+ kuwa wufarta inci 2.75 ne, tana karɓar sauti kai tsaye ta USB, ƙirarta tsaf, ta fi waɗancan biyu tsada, kuma duk wanda ya saye ta ya san ya haƙura da sautin ƙasa mai kauri, wato bes, don ya sami fili a teburinsa.

Akwai kuma sifikokin situdiyo masu wufa inci 5, kamar JBL 305P MkII da Yamaha HS5, waɗanda masu haɗa waƙa ke yawan yabawa. Sun cancanci yabon, domin suna fito da sauti yadda aka naɗe shi ba tare da ado ba, amma ga ofis suna da ɗawainiya. Kowace ɗaya tana da amfilifayarta da wayar wutarta, ke nan soket biyu ake buƙata, maɓallin ƙarar kowace yana bayanta, saboda haka sai an ƙara wata na'ura a kan tebur da za ta riƙa sarrafa su tare. An kuma san JBL ɗin da wani siririn huci da ake ji idan kunne na kusa da ita a ɗaki mai tsit, abin da ba ya damun mai aiki cikin hayaniya amma yana iya hana mai rubutu sakat. Wanda aikinsa bai shafi gyaran sauti ko bidiyo ba, ban ga dalilin da zai ɗora wa kansa wannan ba.

Ɓangaren da na fi son mai karatu ya tsaya ya yi nazari a kai shi ne na sifikar da ba ta da amfilifaya, musamman idan ofishinsa yana inda wuta ke zuwa da ƙarfi yanzu, anjima ta yi rauni, sannan a koma kan janareta. Abin da wuta ke ƙonawa kusan kullum amfilifaya ne ko taransifomarta. Idan tana cikin akwatin sifikar, to duka kayan sun tsaya sai an sami mai gyaran da ke da irin allon nata, wanda ba koyaushe ake samu ba. Idan kuwa a waje take, sai a cire ta a sa wata, sifikokin su ci gaba da aiki shekara da shekaru, tunda babu abin da ke cikinsu sai fayafayai da ɗan ƙaramin allon da ke raba sauti tsakanin wufa da tuwita, wato ƙaramin faifan da ke fitar da siririn sauti. A da, aibin wannan hanya shi ne girman amfilifaya da zafin da take fitarwa, amma yanzu akwai ƙanana na rukunin D, irin na kamfanonin Fosi Audio da SMSL, waɗanda ba su fi tafin hannu biyu ba, ba sa zafi sosai, ba sa kuma cin wuta, abin da mai dogaro da inbata da batir zai ji daɗinsa. Abin lura kawai shi ne a duba om nawa sifikar take, wato ma'aunin nauyin da take ɗora wa amfilifaya, yawanci tsakanin 4 da 8, a tabbatar amfilifayar na ɗaukar wannan nauyi.

A wannan sahu, Wharfedale Diamond 12.1 da Q Acoustics 3020i da ELAC Debut 2.0 B5.2 duk wufarsu wajen inci 5 ce, kuma duk suna cika ofis mai matsakaicin girma ba tare da an matsa musu ba. Abin da ke raba su ga mai ofis shi ne awo. Zurfin akwatin Q Acoustics ya kai kusan santimita 28, ga kafar iska a baya, don haka kantar littattafai da yawa ba za ta ɗauke ta ba. ELAC ta fi ta tsawo, amma kafar iskarta a gaba take, ta fi haƙuri da kusancin bango. Wanda ke da hali yana iya duban KEF LS50, wadda ta fito a shekarar 2012, aka kuma sabunta ta a 2020 da sunan LS50 Meta. An dasa tuwitarta a tsakiyar wufa, ta yadda sautin sama da na ƙasa ke fitowa daga wuri guda, wannan kuwa babban alfanu ne ga mai zama kusa. Sai dai tana son amfilifaya mai ƙarfi da inganci, kuma kuɗinta ya ninka na sauran sau da yawa.

Game da bes, ina ganin ya kamata mai ofis ya kwantar da hankalinsa. Ƙaramin akwati ba zai iya motsa iska mai yawa ba, shi ya sa yawancin waɗannan sifikoki ke fara rauni tun daga Hz 60 zuwa 80 (Hz ma'aunin kaurin sauti ne, ƙaramar lamba na nufin sauti mai kauri), alhali sauti mafi kauri na gitar bes mai tsirkiya huɗu yana wajen Hz 41. Amma tushen muryar namiji yana farawa ne daga wajen Hz 85 zuwa sama, na mace kuma ya fi haka, saboda haka labarai da tafsiri da karatun Alƙur'ani da mafi yawan waƙoƙi suna cikin abin da ƙaramar sifika ke iyawa. A tsakiyar shekarun 1970 injiniyoyin BBC suka ƙera wata 'yar sifika mai suna LS3/5a domin sauraron shirye-shirye a cikin motocin watsa labarai, inda babu fili kuma mai sauraro yana dab da ita. Akwatinta a rufe yake ba kafar iska, wufarta milimita 110, bes ɗinta kaɗan ne, amma saboda yadda take fito da murya har yau ana ƙera ta a Ingila da lasisin BBC, ana kuma sayar da ita da tsada. Ƙarin akwatin bes a ƙarƙashin tebur kuwa ba na ba da shawararsa a ofis, domin sautin ƙasa ne ya fi ratsa bango, wanda ke ɗakin gaba ba zai ji waƙar ba sai dundumin.

Wurin ajiya yana canza sauti fiye da yadda ake zato, kuma gyara shi ba ya cin ko kwabo. A sa tazarar da ke tsakanin sifikokin biyu ta yi daidai da tazarar kowace zuwa kan mai sauraro, a ɗan karkato su su fuskance shi, a kuma ɗaga su har tuwita ta zo daidai da kunne. Idan suna zaune kai tsaye a kan tebur, katakon yakan ɗauki rawar akwatin ya dagula muryar, don haka a sa musu soso mai tauri ko 'yar matashiya a ƙasa. Mai kafar iska a baya tana son a bar mata aƙalla faɗin hannu tsakaninta da bango, kuma kada a cusa kowace irin sifika a kusurwar ɗaki. Idan a kan kanta za a ajiye, a jawo ta har fuskarta ta zo bakin kantar.

Maganar haɗi gajeriya ce. Bluetooth ya wadatar don jin waƙa daga waya, amma yana da ɗan jinkiri da kan sa baki da murya su saɓa a bidiyo, don haka ga kwamfutar da ke zaune wuri guda waya ta fi. Idan aka ji gurnani ko tsuwa na fita da zarar an jona cajar kwamfuta, sau da yawa matsalar daga wutar take, ba daga sifikar ba, kuma jona su duka a soket ɗaya ko amfani da mashigin dijital mai aiki da haske kan magance ta.

Wutar Najeriya da Nijar da Ghana tana tsakanin bolt 220 da 240, ta Amurka kuwa 120 ce, saboda haka duk wanda zai sayi ta hannu ko ya yi oda daga waje, ya karanta rubutun da ke kusa da mashigin wuta kafin ya jona. Wadda aka rubuta wa 100 zuwa 240 ba ta da matsala, wadda aka rubuta wa 120 kaɗai kuwa sai da na'urar rage wuta, in ba haka ba nan take za ta ƙone. Sitabilaiza ko soket mai kariya daga hawan wuta ya kamata ya shiga cikin kasafin tun farko. Lokacin hunturu kuma a bar ragar gaba a jikinta, a riƙa rufe ta da ƙyalle idan an tashi, domin ƙura na shiga maɓallin ƙara ta sa shi ƙarar yashi.

Ranar saye, a tafi da sautin da aka sani sarai a cikin waya, zai fi kyau ya kasance muryar mai karatu ko mai gabatar da labarai da kunne ya saba da ita, tare da waƙa ɗaya mai kalangu ko ganga. Mai shago zai so ya ƙure ƙara, sai a roƙe shi ya rage ta zuwa yadda za a ji ta a ofis, a tsaya a tazarar mita 1. A nan ake gane ko kalmomi na fita ɗaya bayan ɗaya, ko kuwa bes ya danne su. A ƙara ragewa har kusan ƙarshe, a saurara ko ɓangare ɗaya ya riga ɗayan yin shiru, domin wannan aibi ne da ake samu a maɓallan ƙara masu araha, kuma mai ofis a daidai wannan wurin yake yini. Daga nan a tsayar da sautin gaba ɗaya, a kai kunne kusa da tuwita a ji yawan hucinta. Idan ta hannu ce, a duba robar da ta kewaye wufa ko ta tsage ko ta bushe, a kuma danna faifan a hankali da yatsu ta kowane gefe daidai wa daida. Idan aka ji yana gogar wani abu a ciki, naɗin wayarsa ya riga ya lalace, a ajiye ta a duba wata.