YouVersion a ajin matasa: tana kawo Ayuba, amma ba ta faɗin mai magana

A ajin 'yan shekara 13 zuwa 18, tambayar da ta fi ɗaure malamin makarantar Lahadi ita ce wannan: in Allah mai ƙauna ne, kuma yana da iko duka, me ya sa mutanen kirki suke shan wahala? Yaron da ya yi ta ba gardama yake nema ba. Sau da yawa akwai mara lafiya a gidansu, ko an yi rasuwa, ko iyaye sun rabu. Tunda matasa da yawa a waya suke buɗe Littafi Mai Tsarki, ya dace a auna manhajar da aka fi amfani da ita, wato Bible App ta YouVersion, a ga yadda take da wannan darasi, wanda aka gina a kan Littafin Ayuba.

Cocin Life.Church da ke jihar Oklahoma a Amurka ne ya fito da ita a 2008, kuma zuwa 2021 an sauke ta fiye da sau miliyan 500. Kyauta ce, babu talla a ciki, tana aiki a Android da iPhone. Akwai ƙaramarta mai suna Bible App Lite don wayoyin da ba su da wuri sosai. Akwai kuma Bible App for Kids, amma wannan ta ƙananan yara ce. Ɗan shekara 15 zai ga an raina masa hankali in aka miƙa masa ita.

Wajen kawo nassin kansa, ba ta da laifi. Littafin Ayuba sura 42 ne, kuma wannan darasi yana bukatar tsalle daga Ayuba zuwa Zabura, zuwa Luka, a dawo Farawa. Da littafin takarda, rabin lokacin ajin a neman shafi yake tafiya. Da manhajar, daƙiƙa kaɗan ne. Abin da ya kamata a yi shi ne a sa kowane ɗalibi ya sauke juyin da za a yi amfani da shi tun a gida, kafin ranar darasi, sannan a aji a kashe data. Hakan yana maganin matsala biyu: ba za a tsaya jiran intanet ba, kuma saƙonnin WhatsApp ba za su riƙa faɗowa a kan addu'ar Ayuba ba.

A zaɓi juyi ɗaya tun ranar farko. Juyin Hausa da ke ciki ba su yi daidai a sunaye ba. Littafin da wani juyi ya kira Yahaya, wani Yohanna yake ce masa. Mai Hadishi na wannan shi ne Mai-Wa'azi na wancan. Ɗaya ya ce Almasihu, ɗaya ya ce Kiristi. Idan malami ya ce a buɗe Mai Hadishi 8:14 alhali rabin ajin suna kan juyin Sabon Rai Don Kowa, za a yi ta lalube ana cewa babu littafin. Bayan an daidaita, sai a koya musu maɓallin kwatanta juyi: ka taɓa aya, ka zaɓi kwatantawa, ta fito a juyi da yawa a jere. A littafin waƙa mai wuyar fassara kamar Ayuba, wannan yana da amfani ƙwarai. Ayuba 13:15 misali ne mai kyau. Wasu juyi suna nuna Ayuba yana cewa ko Allah zai kashe shi zai dogara gare shi, wasu kuma suna nuna yana cewa ba shi da sauran bege amma zai kare kansa a gaban Allah. Bambancin daga yadda ake karanta kalma ɗaya ta Ibraniyanci ya fito. Matasa suna jin daɗin irin wannan, domin yana nuna musu cewa karatun nassi aiki ne na hankali.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda aka gina manhajar a kan aya guda. Ayar rana, hoton aya mai kyakkyawan bango, taɓa aya ka tura wa aboki: duk an tsara su ne don a tsinko jimla ɗaya a raba. A wasu littattafai hakan ba ya yin ɓarna sosai. A Ayuba yana juya saƙon ya koma kishiyarsa. Hoton aya yana ɗauke da kalmomi da lambar sura da aya, ba ya faɗin bakin wanda maganar ta fito. Kuma babban kaso na littafin jawabin abokan Ayuba uku ne, Elifaz da Bildad da Zofar, waɗanda Allah da kansa ya ce a 42:7 ba su faɗi daidai game da shi ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi.

Dubi Ayuba 8:7, wadda ke cewa ko da farkonka ƙanƙane ne, ƙarshenka zai bunƙasa. Aya ce da ake son sakawa a hoto a tura wa mai rubuta jarrabawa. Maganar Bildad ce. Aya uku kafin ita, a 8:4, wannan mutumin ya gaya wa uban da ya binne 'ya'ya 10 cewa zunubinsu ne ya ci su. Haka 22:28, wadda ake yawan ɗagawa a wurin addu'a cewa za ka ƙudura abu ya tabbata. Elifaz ne ya faɗe ta, a cikin jawabin da ya fara da ɗora wa Ayuba laifuffukan da bai yi ba: wai ya tuɓe wa matalauta tufafi, ya hana mai ƙishi ruwa, ya sallami gwauraye hannu wofi. Matashin da ya san waɗannan ayoyi daga hoto kawai ya riga ya haddace koyarwar da littafin ya zo ya rushe, wato ka yi kirki ka ci riba, in ka ga wahala to ka binciki kanka. Ranar da mahaifiyarsa mai tsoron Allah ta kwanta ciwo, lissafin ba zai fito ba, sai ya ɗora laifin a kan ta, ko a kan kansa, ko a kan Allah.

Ba ana nufin duk abin da abokan suka faɗa ƙarya ba ne. Manzo Bulus ma ya ɗauko maganar Elifaz ta 5:13 a 1 Korintiyawa 3:19. Kuskurensu shi ne ɗaukar gaskiya ta gama-gari su buga ta a kan mutumin da ba ta shafa ba. Wannan bambanci shi ne zuciyar darasin, kuma manhajar ba za ta koyar da shi ba sai malami ya tsaya a kai.

Abin mamaki, maganin yana cikin manhajar. Tana ba da launuka da yawa na haskaka aya. A ware launi ɗaya ga kowane mai magana, ajin duka su bi tsari ɗaya: launi guda ga Ayuba, guda ga abokai uku, guda ga Elihu (saurayin da ya yi magana bayan abokan uku), guda ga Allah. Elifaz yana magana a sura 4, 5, 15 da 22. Bildad a 8, 18 da 25. Zofar a 11 da 20. Elihu daga 32 zuwa 37. Allah daga 38 zuwa 41. Ba sai an shafe kowace aya ba, ayar farko ta kowane jawabi da duk ayar da aka tattauna sun isa. Daga nan a kafa doka: ba wanda zai tura aya daga Ayuba sai ya rubuta sunan mai maganar a ƙarƙashinta. Aikin yana cin kusan minti 15 a mako na biyu, kuma shi ne minti 15 mafi riba a duk zangon.

Mako 6 na minti 45 sun isa, in aka san abin da za a tsallake. Makon farko sura 1 da 2, a tsaya a kan kwana 7 da abokan suka zauna a ƙasa tare da shi ba su ce uffan ba. Shi ne abu mafi kyau da suka yi a littafin gaba ɗaya, kuma darasi ne da ɗan shekara 14 zai iya aikatawa gobe idan an yi wa abokinsa rasuwa. Mako na biyu aikin launuka da jawabin abokai, tare da 13:5 inda Ayuba ya ce da sun yi shiru da an ɗauke su masu hikima. Mako na uku na kuka ne: Ayuba 3, Zabura 22, da Zabura 88 wadda ta ƙare a cikin duhu ba tare da juyawa zuwa yabo ba. Malamai da yawa suna tsoron wannan mako, suna gaggawar rufe shi da Romawa 8:28, wadda ke cewa komai yana aiki domin alherin masu ƙaunar Allah. Kada a yi. Matasa suna bukatar ganin cewa koke yana da gurbi a cikin nassi, kuma Yesu kansa ya ɗauki farkon Zabura 22 a kan gicciye a Markus 15:34.

Mako na huɗu a koma bakin Yesu. A Yohanna 9:1-3 almajirai sun tambaya ko zunubin makahon ne ko na iyayensa, ya ce ba ɗaya daga ciki. A Luka 13:4-5 ya kawo mutum 18 da hasumiya ta faɗa wa a Siluwam, ya ce ba su fi sauran mazaunan Urushalima laifi ba. A haɗa da Yusufu, wanda yana da shekara 17 a lokacin da labarinsa ya fara, sa'an ɗaliban ke nan, kuma sai da ya kai 30 ya tsaya a gaban Fir'auna. Maganarsa ta Farawa 50:20, cewa 'yan'uwansa sun nufe shi da sharri amma Allah ya nufa alheri, bayan shekaru masu yawa ya faɗe ta, da bakinsa, ba wani ne ya gaya masa ita a bakin rijiya ba.

Mako na biyar shi ne inda sautin manhajar yake haskawa. Juyin da ke da karatun murya suna da alamar lasifika. A haɗa waya ɗaya da ƙaramar lasifika, kowa ya kife tasa, a saurari sura 38 da 39 a jere. Ba su kai minti 15 ba. Tambayoyin Allah game da harsashin duniya, taurari, awakin dutse, jimina da dokin yaƙi an yi su ne don kunne. A gwada sautin kafin ajin, domin ba kowane juyi ke da shi ba, kuma saukar da rubutun juyi ba ya nufin an saukar da muryarsa. In babu, ɗalibai biyu masu murya su karanta bi da bi. Bayan sauraro a yi tambaya ɗaya: Allah ya gaya wa Ayuba dalilin wahalarsa? Za su koma su duba, su tarar bai gaya masa ba. Mai karatu ya san abin da ya faru a sura 1 da 2, Ayuba kuwa har littafin ya ƙare ba a faɗa masa ba.

Tsare-tsaren karatu da ke cikin manhajar dubbai ne, kuma da yawa suna magana a kan wahala da baƙin ciki. Sai dai coci-coci da marubuta daban-daban ne suka rubuta su, yawanci da Turanci, ingancinsu bai zama ɗaya ba. Malami ya karanta tsari daga ranar farko zuwa ta ƙarshe kafin ya ba aji. Gwajin mai sauƙi ne: in tsarin ya yi alkawarin cewa bangaskiya za ta kawar da wahala cikin 'yan kwanaki, ko ya kawo Irmiya 29:11, alkawarin alheri da bege, ba tare da aya ta 10 da shekara 70 na bauta a Babila ba, a bar shi.

Akwai damar yin tsari tare da abokai, inda kowa zai rubuta abin da ya gani a ƙarƙashin karatun rana. A wannan darasi sai an yi hattara da ita. Duk wanda ke cikin rukunin yana ganin abin da aka rubuta, kuma waya tana iya ɗaukar hoton allo. Yarinyar da ta rubuta abin da ke faruwa a gidansu da dare ba za ta iya janye shi da safe ba. A gaya musu tun farko cewa abin sirri a bayanin da aka saita ya zama na mutum shi kaɗai ake rubuta shi, ko a takarda, kuma a nuna musu inda saitin yake. Idan kuma a makon Ayuba 3 wani ya ce shi ma yana ji da ba a haife shi ba, wannan ba abin amsawa da aya a rukuni ba ne. A keɓe da shi a ranar, a saurare shi, a sanar da iyaye ko wani babba da ya amince da shi da kuma fasto, a nemi ma'aikacin lafiya in alamu sun nuna haɗari.

Ƙananan abubuwa: wurin bincike kalmar da ka rubuta yake bi, don haka neman “wahala” zai tsallake ayoyin da suka ce azaba, ƙunci, tsanani ko masifa. Lissafin kwanakin da mutum ya jera yana buɗe manhajar yana sa wasu gasa, amma buɗewa yake ƙirgawa, ba karatu ba. Ɗaliban da ba su da waya kuma a zaunar da su biyu biyu da masu ita, a ajiye littattafan takarda uku ko huɗu a ajin.

Mako na shida sura 42 ce, kuma nan ma hoton aya yana iya yaudara. Aya ta 10 ta ce Allah ya ninka wa Ayuba abin da yake da shi, sai a ɗauka abokan ne suka yi gaskiya. A sa ɗalibai su buɗe 1:2-3 a waya ɗaya, 42:12-13 a wata, su kwatanta. Tumaki 7,000 sun zama 14,000, raƙuma 3,000 sun zama 6,000, amma 'ya'ya 10 ne a farko, 10 ne a ƙarshe, kuma na farkon ba su dawo ba. A aya ta 11, bayan komai ya lafa, 'yan'uwansa sun zo gidansa suna yi masa ta'aziyya.