GARGAƊI: Ku kiyayi mutumin nan mai sayar da "ɓatattun" finafinan ban tsoro

Salam jama'a. Dan Allah duk wanda yake cikin gurup-gurup ɗin nan namu na masu son tsofaffin finafinan ban tsoro ya daure ya karanta wannan har ƙarshe kafin ya tura wa wani ko sisin kwabo, domin akwai wani bawan Allah da yake yawo tsakanin Telegram da WhatsApp yana cewa wai yana da finafinan da duniya ta ɗauka sun ɓata, da waɗanda ba a yanke komai a cikinsu ba, kuma wai duk an gyara su sun koma 4K, wato hoto tangaran mai tsananin kaifi. Mu tara ya cinye wa kuɗi. Ni ne na fara saye a wajensa kuma ni na ce wa sauran mutumin kirki ne, wannan shi ne abin da yake cina a rai har yanzu, shi ya sa na ga ba zan iya yin shiru ba. Ba zan kama suna ba tunda mun riga mun kai ƙorafi, kuma ko na kama ma ba amfani, suna a wajensa kamar riga ne, yau wannan gobe wancan. Salonsa ne ba ya canzawa, shi zan faɗa muku.

Waɗanda suka san ni sun san tun ina yaro nake cikin harkar nan, tun lokacin da ake kunna mana Purana Mandir da Veerana na 'yan gidan Ramsay a kaset, hoton yana rawa muna leƙe ta bayan yayyenmu. Daga nan na gangaro kan na Turawa na da can, har ya zama in dai an ce ga wani kwafi da ya fi wanda nake da shi to ba ni da sukuni sai na gan shi. To irin mu yake nema. Ya shigo gurup da ladabi, kowa yallaɓai, ni kuwa babban yaya yake ce min, ya yi wajen wata guda ba ya tallar komai sai hira, kuma wallahi ya san sunayen daraktoci da shekaru, har gyara wa mutane yake in sun yi kuskure. Sai da aka saba sannan ya fara cewa ai yana da ɗan uwa a Jamus da yake aiki a wata ma'adanar finafinai, shi yake ɗan zaro masa abubuwa a ɓoye.

Farkon abin da na saya Night of the Living Dead ne na 1968, naira dubu biyu, ya turo kuma ya yi kyau ba laifi. Daga baya na zauna na yi tunani, ai fim ɗin nan tun fitowarsa ba shi da kariyar haƙƙin mallaka a Amurka saboda an manta ba a sa tambarin a jikin kwafin da aka rarraba ba, kyauta yake a intanet ko'ina. Wato tsaba ce ya watsa mana.

Na biyu shi ne Dracula na kamfanin Hammer na 1958, wanda Christopher Lee da Peter Cushing suka fito. Ya ce min babban yaya ina da kwafin Japan cikakke, akwai ƙarin minti ashirin da ba wanda ya taɓa gani, naira dubu goma sha takwas ne amma kai ka kawo sha biyar. A nan ne wayonsa yake, domin maganar kwafin Japan gaskiya ce, kowa a harkar nan ya ji labarinta. A 2011 an gano wani kwafi a cibiyar adana finafinai ta ƙasa da ke Tokyo, amma naɗi huɗu na ƙarshe ne kawai suka tsira, su ma ruwa ya taɓa su, kuma abin da aka samu na ƙari 'yan daƙiƙoƙi ne, wajen da Dracula yake yagar fuskarsa in rana ta taɓa shi da kuma wajen da ya shiga ɗakin Mina, matar da yake farauta a fim ɗin. An haɗa su an fitar a Blu-ray a Ingila a 2013, ba wani sirri a ciki. To daga ina minti ashirin za ta fito? Ban tsaya na yi wannan lissafin ba, na tura.

Abin da ya zo min kuwa, Allah ya isa. Girman fayil ɗin ya kai giga ashirin da wani abu, na kwana ina sauke shi data ta ƙare na sake saye. Da na kunna a talabijin sai na ga fuskar Peter Cushing sumul kamar an shafa mata man kaɗanya, ba ƙofar gashi ba tamoji, gashin kansa ya haɗe wuri guda kamar roba, in ya juya sai idonsa ya ɗan zame sannan ya dawo. Na tsayar da hoton na matsa kusa da gilashin, a can ƙasa sai ga ɗan layin nan mai karkarwa da duk wanda ya tashi da bidiyon kaset ya san shi, an yi ƙoƙarin yanke shi amma bai fita duka ba, a kusurwar sama kuma akwai wani dishi-dishi zagayayye inda aka goge tambarin wata tasha. Kaset ne aka naɗa daga talabijin aka zuba a manhajar AI ta kumbura shi. Tsawonsa kuma minti tamanin da ɗan wani abu yadda aka san shi, ba ƙarin komai. Da na yi masa magana sai ya hau ba ni haƙuri wai ɗan uwansa ne ya turo fayil ɗin da ba shi ba, zai canza min, kuma don ya wanke laifinsa zai sa ni a wani babban abu da ba kowa yake faɗa wa ba.

Bari in ɗan tsaya a nan domin na ga yaranmu da yawa suna ruɗuwa da maganar 4K. Gyaran fim na gaskiya ba wai a sa hoto ya yi santsi ba ne. Nemo asalin nagatif ake ko kwafi mafi kusa da shi, a wanke, a yi sikanin hoto ɗaya bayan ɗaya, a cire datti da karce, a daidaita kala yadda masu fim ɗin suka so ta, kamar yadda aka yi wa Suspiria na 1977 inda aka kira mai ɗaukar hotonsa Luciano Tovoli ya duba kalar da kansa. Ɗan tsaki-tsakin nan kamar yashi da kuke gani yana motsi a jikin hoton tsohon fim ba datti ba ne, jikin fim ɗin ne, a cikinsa zanen fata da saƙar tufa suke, in ka goge shi ka goge su. Ni dai gara min kwafi mai karce wanda na san daga fim aka ɗauko shi da wannan mai ƙyalli da na'ura ta zana fuskar da ba ta mutumin ba. Wani zai ce ra'ayi ne, na yarda kowa da abin da idonsa yake so, amma in za ka sayar min ka faɗa min gaskiyar abin da kake sayarwa.

Haka ya yi wa wani ƙaninmu da Nosferatu na 1922, ya sayar masa da baƙi da fari wai shi ne orijina, masu launi wai jabu ne 'yan zamani suka shafa. Ƙarya ce tsagwaronta. A zamanin finafinan da ba magana rina fim ake, shuɗi na dare, ruwan ɗorawa na rana, kuma wuraren dare da yawa a fim ɗin da rana tsaka aka ɗauke su, rinin shuɗin ne yake mayar da su dare. In ka cire shi sai ka ga dodon da hasken rana yake kashewa yana yawo da akwatin gawarsa a cikin rana ƙiri-ƙiri, ma'anar fim ɗin ma ta lalace. Kwafin da gidauniyar Murnau ta Jamus ta gyara da launinsa yake.

To babban abin da ya ce zai sa ni a ciki shi ne London After Midnight, na 1927, Tod Browning ya ba da umarni Lon Chaney ya fito da doguwar hular nan da haƙora kamar zarto. Wanda duk ya daɗe a harkar nan ya san wannan shi ne fim ɗin da aka fi nema a duniyar finafinan ban tsoro, kwafin ƙarshe da aka sani ya ƙone a gobarar rumbun ajiyar kamfanin finafinai na MGM a 1965, irin fim ɗin da ne mai sinadarin naitaret wanda in ya kama wuta ko ruwa ba ya kashe shi. Abin da ya rage hotuna ne marasa motsi da rubutun labarin, da su tashar TCM ta sa aka haɗa wani abu a 2002 don mutane su san yadda labarin ya tafi. Mutumin nan ya ce wai an tsinci kwafi a gidan wani tsoho da ya rasu, ɗan uwansa ya yi sikanin a ɓoye, mutum goma kawai za a ba, kowa naira dubu arba'in, kuma a rufe baki domin in maganar ta fita za a kori ɗan uwan nasa daga aiki. Ya turo ɗanɗano na daƙiƙa goma sha biyu. Jama'a na kalli abin nan ya fi sau talatin jikina har tsuma yake, ga Lon Chaney riƙe da fitila yana juyo da kai a hankali. Na tura kuɗina, na kira abokaina na ce kar a bar ku a baya.

Sai bayan kwana uku wani dattijo a cikinmu, wanda ya fi mu daɗewa a harkar, ya ce min ɗana zo ka gani. Ya buɗe wani sanannen hoton tallar fim ɗin ya ajiye kusa da ɗanɗanon, tsayuwa iri ɗaya, inuwa iri ɗaya, fitilar a wuri ɗaya, wato hoton ne aka ba AI ta motsa shi. Da muka rage gudu muka bi shi a hankali sai ga yatsun hannun da ke riƙe da fitilar suna narkewa cikin mariƙin, haƙoran suna ƙaruwa suna raguwa, karcen da ke jikin hoton kuma layi ɗaya ne yake maimaita kansa duk bayan daƙiƙa biyu. Sannan ya yi min tambayar da ta kashe min jiki, ya ce fastar fim ɗin nan kaɗai, takarda fa, an yi gwanjonta a Amurka a 2014 kan dala 478,000, to wanda yake riƙe da fim ɗin kansa shi ne zai zo yana bin mu ɗaya-ɗaya yana karɓar dubu arba'in?

Kuma ba wai ba a samun ɓatattun finafinai ba ne, ana samu, shi ya sa ƙaryar take shiga. An samu cikon Metropolis a wani gidan tarihin finafinai a Buenos Aires a 2008, an samu kwafin The Wicker Man a ma'adanar jami'ar Harvard aka fitar a 2013, Frankenstein na 1910 ma shekaru yana hannun wani mai tara finafinai a Wisconsin kafin ɗakin karatu na majalisar Amurka ya gyara shi. Amma ku duba duk ɗinsu, da sunan wurin da aka samu, da sunan masu gyaran, jaridu suka ɗauka, aka haska a bainar jama'a. Ba wanda aka ce a rufe baki a turo kuɗi kafin Juma'a.

Da muka titsiye shi muka ce ya kira mu ta bidiyo ya nuna mana fim ɗin yana tafiya ya ja shi gaba da baya a gabanmu, sai ya ce netiwok, washegari ya ce mahaifiyarsa ba lafiya, rana ta uku ya buloke mu gaba ɗaya ya goge hirar ta ɓangaren kowa. Akawun ɗin da muka tura kuɗin ma kashi uku ne da sunaye uku daban-daban, ba ɗaya da ya yi daidai da sunan da ya ba mu, mutum biyu kuma cewa ya yi su saya masa katin kyauta su turo lambar, waɗannan kam ba ma ta inda za a bi sawu. A cikin mu taran akwai ɗalibi da ya taɓa kuɗin rajistarsa saboda ya yarda da maganata, mun yi karo-karo mun mayar masa amma wallahi har yau in na tuna muryarsa a waya sai zuciyata ta yi nauyi.

Abin da ya sa na rubuta yau shi ne jiya an turo min sikirinshot daga wani gurup, sabon suna sabon hoto, amma babban yayan nan da ɗan uwan Jamus ɗin nan suna nan yadda suke. Yanzu wai Event Horizon na 1997 yake tallatawa, doguwar sigar da aka yanke kafin a fitar, wadda shi kansa daraktan Paul W. S. Anderson ya sha faɗa cewa abin da aka yanke ɗin ba a adana shi da kyau ba ya lalace, kamfanin da ya sake fitar da fim ɗin a 2021 ma ya nema bai samu ba. An ce min har da wajen ramin gizo-gizo na King Kong na 1933, wanda aka yanke daga fim ɗin ya ɓata, yake cewa yana da shi, alhali wanda yake yawo a intanet Peter Jackson ne da mutanensa suka kwaikwaya a 2005.

Dan Allah admin-admin ku duba mambobinku. In wani ya zo muku da irin wannan ku tambaye shi daga wane kwafi aka yi sikanin, wa ya yi, a wace shekara, ku ce ya ba ku minti biyar daga tsakiyar fim ɗin wurin da ku kuka zaɓa, ku kalla a babban allo ba a waya ba domin waya tana ɓoye aibu. Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi kar kunya ta sa ya yi shiru, ya adana rasit da alat da duk hirar da ta rage, ya je bankinsa da wuri ya shigar da ƙorafi a rubuce, sannan ya yi min magana ta inbok mu haɗa da namu, zuwa yanzu akawun uku muke da su kuma muna so mu ga ko na sabon gurup ɗin ya zo ɗaya da su.