Tsakanin Commodore 64 da ZX Spectrum

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ZX Spectrum ta fi Commodore 64 ƙarfi, tunda ka ga ƙwaƙwalwarta na gudu a 3.5 MHz (bugun agogo miliyan 3.5 a daƙiƙa), ta Commodore kuwa tana wajen 1 MHz. Wannan lambar ta ruɗi mutane da yawa.

Dukansu kwamfutocin gida ne 'yan 1982. Spectrum ta fito a Ingila cikin Afrilu daga kamfanin Clive Sinclair, mai ma'ajiyar bayanai 16K fam 125, mai 48K fam 175. Commodore 64 ta shiga kasuwar Amurka a Agusta kan dala 595, da 64K. Tun daga farashin za ka gane abin da kowane ya sa a gaba. Sinclair so yake kwamfuta ta shiga gidan mai ƙaramin ƙarfi, sai ya rage duk abin da zai ragu. Madannanta na roba ne, masu laushi kamar abin goge fensir. Sautinta ƙara ɗaya ce tak daga wata 'yar lasifika, kuma Z80, wato ƙwaƙwalwar da ke cikinta, shi ke ɗaukar kusan komai a kansa, har zane da sauti.

Commodore kuwa a lokacin tana da kamfanin ƙera guntayen lantarki nata, MOS Technology, don haka ta raba aikin. VIC-II na kula da hoto, yana motsa ƙananan siffofi takwas a allo ba tare da ya wahalar da ƙwaƙwalwa ba. SID, wanda Bob Yannes ya tsara, yana fitar da muryoyi uku lokaci guda, kuma har yau akwai masu haɗa kiɗa da shi. Ga shi kuma 6510, ƙwaƙwalwar Commodore, na gama umarni da bugun agogo ƙasa da na Z80, sai tazarar nan ta 3.5 da 1 ta ragu sosai.

Ka lura da allon Spectrum da kyau: kowane ɗan murabba'i mai ɗigo 8 a tsaye 8 a kwance launi biyu kawai yake ɗauka. Idan ɗan wasa ya gifta gaban bango, sai launinsa ya zube a bangon. Ni dai wannan lahanin yana cikin abin da ya sa nake ƙaunarta, saboda dabarar da masu rubuta wasanni suka riƙa yi don kauce masa.

A ƙarfi, Commodore ce gaba. Idan saye za ka yi, kada ka jona tsohuwar Commodore da akwatin wutarta na asali sai an gwada shi, domin idan ya tsufa yakan tura wuta fiye da kima ya ƙone ma'ajiyar. Ita Spectrum, fatar da ke ƙarƙashin madannan ce ke tsagewa, kuma ana samun sabuwa a canza.