Katin gidajen tarihin Paris: abin da ya yi mana ni da iyalina

Duk wanda zai kai iyalinsa Paris don su ga zane-zane da kayan tarihi, shawarata ya sayi katin nan da ake kira Paris Museum Pass, amma ya saya wa manya kaɗai. Yaran da ba su kai shekara 18 ba kyauta suke shiga gidajen tarihin gwamnati irin su Louvre da Orsay, ko daga wace ƙasa suka fito. Mu kati biyu muka saya, nawa da na maigida. Yaran kuwa fasfonsu kawai muke riƙewa don shaidar shekaru.

Katin iri uku ne, na kwana 2 da na 4 da na 6, kuma ana shiga wurare sama da 50 da shi a cikin birnin da kewaye, har da fadar Versailles. Da awa ake lissafinsa, daga lokacin da aka fara amfani da shi, wato na kwana 4 da muka saya awa 96 ke nan. Kowane wuri sau ɗaya ake shiga. Babu hasumiyar Eiffel a ciki, babu kuɗin jirgin ƙasa. Louvre kuma sai an shiga intanet an kama rana da awa tun da wuri, har da na yaran. A kula da ranakun da ba a buɗewa, don awanni ba sa jira: Louvre ran Talata, Orsay ran Litinin.

A Louvre, kowa Mona Lisa yake tambaya. Ƙaramin zane ne, tsawonsa santimita 77, yana bayan gilashi, kuma ta saman wayoyin mutane ake hango shi. Autarmu ta ja mini hijabi ta ce, "Umma, wannan ce ake yi wa duk turmutsitsin nan?" Inda muka daɗe shi ne sashen fasahar Musulunci da aka buɗe a 2012. Akwai wani babban daro na tagulla da Muhammad ibn al-Zayn ya ƙera a zamanin sarakunan Mamalik na Masar, ƙarni na 14, ya yi masa ado da azurfa da zinariya. Jikinsa mahaya dawakai ne da maharba, a can ƙasan cikinsa kuma kifaye. Babban ɗanmu ya yi ta zagaya shi yana neman inda maƙerin ya rubuta sunansa da Larabci, da ya gano kuwa har sai da ya kira babansa ya zo ya gani. Wannan daron kaɗai ya ishe ni dalilin zuwa.

Akwai abin da ya kamata iyaye su sani kafin su shiga. Louvre da Orsay cike suke da zane-zane da sassaƙen mutane tsirara, ba a wani ɗaki na daban ba, a kan hanya. Mu mun duba taswirar ginin tun a masauki, muka zaɓi inda za mu bi, abin da ya sha gabanmu kuma muka yi wa yaran bayani a taƙaice muka wuce. Mai ƙananan yara da ba ya son wannan, ya fara da gidan tarihin Orangerie, inda zane-zanen furannin ruwa na mai zane Monet suka cika bangon ɗakuna biyu.

Gidan tarihi na Quai Branly, wanda aka buɗe a 2006, shi ya fi taɓa ni, kuma ba daɗi kaɗai na ji ba. Kayan Afirka ne birjik, an adana su da kyau ƙwarai. Amma daga nan ne aka mayar wa Jamhuriyar Benin kayayyaki 26 a 2021, waɗanda sojojin Faransa suka kwashe daga fadar Abomey a 1892. Akwai kuma batun sassaƙen yumɓu na Nok da na Sakkwato da Faransa ta saya, waɗanda a 2002 ta amince mallakar Najeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Nok ƙauye ne a kudancin Kaduna. Ina ganin bai kamata yaro Bahaushe ya shiga gidan nan ba a gaya masa wannan ba.

Haɗarin katin ɗaya ne: mutum ya ga ya biya kuɗi sai ya so ya fanshe, ya yi ta jan yara daga wannan gini zuwa wancan har su gaji da komai. Tsarin da ya yi mana shi ne gida ɗaya da safe, bayan azahar kuma titi, wanda ba ya buƙatar kati. Mun yi sallah a babban masallacin Paris da aka buɗe a 1926, muka sha shayin na'a-na'a a farfajiyar da ke gefensa. Mun bi bakin kogin Seine, inda masu sayar da tsofaffin littattafai ke buɗe korayen akwatunansu. A dandalin Tertre na unguwar Montmartre wani dattijo ya zana 'yarmu da gawayi, tana zaune ƙyam tana ƙoƙarin danne dariya. A yi ciniki kafin a zauna. Daga can muka gangaro unguwar Château Rouge, sai ga kuɓewa da doya da manja da busasshen kifi a titin Dejean, ga shagunan atamfa, ana ta ciniki da Bambara da Wolof da Faransanci. Maigida ya ce, "Hajiya, kamar mun shiga Sabon Gari."

Na kwana 4 ya dace da mai yara, muddin zai shiga babban wuri ɗaya kowace rana ya ƙara da ƙarami nan da can. Wanda Louvre kaɗai ya kai shi, ya sayi tikitinsa daban, zai fi masa araha.