Ƙaramin fur na lantarki da gashin dankalin turawa a Damagaram

Ƙananan tandunan gashi masu aiki da lantarki, waɗanda aka fi sani da fur, sun yawaita a shagunan Kasuwar Dole, kuma yawancin masu sayensu kek da kaza suke da niyyar gasawa. Wanda nake amfani da shi irin na ɗorawa a kan tebur ne, mai ƙofar gilashi da ƙarafan zafi a sama da ƙasa, ƙarfinsa kuma wat 1500 ne. A ganina babu aikin da ke bayyana ingancin irin wannan na'ura kamar gasa dankalin turawa ɗungurungum da ɓawonsa, domin aiki ne mai bukatar zafi tsayayye na kusan awa guda.

Ta wannan fuska fur ɗin ya gamsar da ni ƙwarai. Nakan zaɓi dankalin da ake kawowa daga lambunan Abzin a jihar Agadas, musamman a lokacin sanyi da yake wadata a kasuwa, in tsinci matsakaita masu girma ɗaya domin su nuna tare. Wanda jikinsa ya yi kore ko ya fara tsiro ba na ɗaukarsa, saboda wurin da ya yi koren yana ɗauke da guba mai ɗaci da ke ɓata ciki, kuma gashi ba ya kawar da ita. Bayan an wanke ƙasar an tsane shi sarai, sai a sossoke kowane da cokali mai yatsu domin tururi ya sami hanyar fita, a shafe shi da man gyaɗa da ɗan gishiri, a jera a kan ragar ƙarfe bayan fur ya riga ya ɗauki zafi digiri 200. Tsakanin minti 50 zuwa awa guda ɓawon yakan bushe ya yi ƙaras-ƙaras, wuƙa ta shige tsakiya ba tare da turjiya ba. Idan aka tsaga shi nan take, tururi ya tashi, cikin ya wargaje ya yi gari-gari kamar dafaffen rogo mai kyau, man shanu kuma ya narke ya bi tsagar har ƙasa. Da yajin ƙuli da yankakkiyar albasar Galmi a kai, abinci ne da yara da manya suke ci da marmari, ga shi bai sha mai kamar soyayye ba.

Akwai masu naɗe dankalin da takardar alminiyom, amma ban ga amfanin hakan a wannan fur ba, domin takardar tana tsare tururi, ɓawon ya yi laushi, abin ya koma dafaffe. Ƙari a kan haka, barin gasasshen dankali a naɗe ya kwana ba a firji ba haɗari ne ga lafiya, balle a zafin garinmu.

Na'urar tana da nakasu da ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya biya kuɗinsa. Zafin ya fi ƙarfi a can ciki, don haka dole ne a juya dankalin a sauya masa wuri idan an yi rabin lokaci, in ba haka ba na baya ya ƙone, na bakin ƙofa bai nuna ba. Maɓallin lokaci a minti 60 yake tsayawa ya kashe wutar, sai an sake murɗa shi idan dankalin manya ne. Jikin ƙarfen yana zafi sosai, bai dace a ajiye shi inda hannun yaro zai kai ba, kuma yana bukatar soket nasa shi kaɗai, domin siririyar waya takan yi zafi har ta narke. Cikinsa ba ya ɗaukar fiye da matsakaita shida a jere, wanda ya yi kaɗan ga babban gida.

Babbar matsalar dai ita ce ɗaukewar wuta, wadda ta fi tsanani a watannin bazara. Dankalin da wuta ta katse masa gashi a tsakiya yakan yi tauri, ko an ci gaba daga baya ba ya komawa yadda ake so. Saboda haka ƙaramin iyali da ke iya daidaita girkinsu da lokacin da wuta ta fi zama su ne zan ba shawarar sayen wannan fur. Gidan da ke da baki da yawa gara su tara kuɗi su sayi murhun gas mai fur a ƙasansa, tun da matatar man fetur ta SORAZ da aka buɗe a 2011 tana fitar da gas ɗin girki a nan jiharmu, kuma cikin irin wannan murhun yana ɗaukar faranti biyu a lokaci guda.