Gargaɗi ga masu injin yankan itace a Ngaundere da kewaye

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani mutum da ke yawo a kan babur tsakanin Ngaundere, Meiganga da ƙauyukan hanyar Tibati, da jakar kayan gyara a bayansa, yana cewa shi makaniken injin yankan itace ne daga Duwala. Ya iya baki, ya san sunan kowane ƙarfe, kuma sai ranar kasuwa yake zuwa. Ku yi hattara da shi.

Maganarsa ɗaya ce a ko'ina. Da ka ce masa sarƙa tana bushewa tana hayaƙi, ko buɗe murfi bai yi ba zai ce famfon da ke ba sarƙa mai ya mutu, kulochi ma ya ci, sai an canza duka. Ya karɓi kuɗin kaya na asali ta Orange Money ko MoMo, ya tafi da injin masaukinsa, gobe ya dawo da shi.

Haka ya yi wa ƙanen matata. Ƙirar kamfanin Stihl ne injinsa, da kuɗin masarar da ya noma ya saya. Mutumin ya dawo da shi an wanke tas, ya tayar a gabansa, mai yana ɗiga ta ƙarƙashin murfi. Ya ce, "Malam, ka gani da idonka ai." Yaro ya biya jaka arba'in. Bai gama itacen farko ba sarƙa ta yi zafi ta saki, bakin ƙarfen da take bi ya koma shuɗi. Da muka kai wa wani tsohon makanike ya buɗe, ashe mai ne kawai aka tsiyaya cikin murfin. Famfon yana nan, tsohon ne, lafiyarsa ƙalau. Kulochin asali kuwa an ɗauke, an sa jabu mai laushin sifirin, shi ya sa sarƙa ke gudu ko inji yana silo, wato ba a ba shi wuta ba. Wannan kaɗai ya isa ya raba mutum da ƙafarsa.

Abin da ya hana man fita tun farko ɗan ƙaramin abu ne. A yawancin injunan Stihl, bayan kwanon kulochi akwai wata 'yar roba mai zare, da guntuwar waya a jikinta. Wayar tana shiga wani tsagi a bakin kwanon, in kwanon ya juya ita ma ta juya, ita ke tuƙa famfo. Zaren robar ya cinye ko wayar ta fita daga tsagin, mai ya tsaya, famfo kuwa ba abin da ya same shi. Kuɗinta ko kusa bai kai na famfo ba. Dattijon ya ɗora ta a tafin hannunsa ya nuna mana: zaren ya shafe sumul, garin katako da baƙin mai sun daskare a kai kamar kwalta.

Kafin ma a kai nan, kwance ƙarfen sarƙar ka duba 'yar ƙofar da mai ke shiga. Garin katako da ƙurar hunturu suna toshe ta, tsinke ya ishe ka. Ka duba matatar da ke cikin tankin mai. Masu zuba baƙin man da aka juye daga mota kuma, na san tsadar man kirki, amma akwai ɓurɓushin ƙarfe a cikinsa, shi ke cin famfon a hankali.

Gwajin gaskiya ba ɗigar ƙarƙashin murfi ba ce. Ka nufi bakin ƙarfen ga farin kwali ko sabon kututture ba tare da ya taɓa ba, ka ba shi wuta kamar minti ɗaya. In famfo yana aiki za ka ga siririn layin mai ya fito a kai. Sannan ka yi aikin tankin fetur guda ka leƙa tankin mai. In yana nan cike, ba a gyara komai ba.

Kulochi kuma ba ya ɓuya. Sarƙa tana tafiya a silo bayan an daidaita silon, sifirin ne. Inji yana ihu sarƙa tana tsayawa cikin itace, ƙarafan kulochin ko kwanon sun cinye. Haƙoran da ke jan sarƙa, kamfanin Stihl ya ce a canza su in cin ya kai zurfin milimita 0.5, ko bayan sarƙa biyu. A baibai ake kwance kulochi, don haka in ka ga mai gyara yana ta kokawa da shi ta hanyar noti na yau da kullum, karɓe injinka.

Kada ka bari inji ya kwana a hannun wanda ba ka san rumfarsa ba. A buɗe a gabanka, ka ɗauki hoton kulochinka da waya kafin a taɓa shi, kuma duk abin da aka cire a miƙo maka a hannu. Wanda mutumin nan ya riga ya cuta, ya ajiye saƙon tura kuɗin, ya kai wa jandarma tare da kayan jabun. An ce ya nufi wajen Tuboro, don Allah a sanar da 'yan uwa na can.