Memori mai giga 64 da aikin shirya salula da aka yi mani a kai

Masu tambayata a kan kart memwar ɗin nan mai giga 64 da na saya wajen yaran butik na gefen kasuwar Dole ta Damagaram, da kuma aikin da suke cewa suna yi na shirya wa mutum salula, to ga abin da na gani da idona. Katin kansa ba ni da ta cewa, na gaskiya ne. Aikin ne dai har yanzu ban san ko in yaba ko in kushe ba, don akwai inda yaron ya burge ni, akwai kuma inda ya kusa sa ni kwana a asibiti ana saura ƴan kwanaki Sallah.

Ni tela ne, wanda ya san ni a Zango ya san haka. Salular tela kuwa ba irin ta kowa ba ce, shago ce ta biyu. Modal ɗin maza, na mata, na yara, surfanin wuyan riga, aikin hula, hoton kaye inda nake rubuta awon mutane saboda kayen yakan ɓata ko ruwan guga ya jiƙa shi, ga vokal ɗin mata masu aiko da bayanin ɗinki, wata sai ta yi minti biyar tana bayanin hannun riga kawai. Ga tafsiri da nake saurare in ina kan keke, ga bidiyon hawan Sallah na ƙofar fada da yara suka ɗauka. Salular giga 32 ce, kullum da safe abin da ke fara gaishe ni shi ne saƙon wai wuri ya cika, har ta kai in an aiko hoto ba ya buɗewa sai na goge wani.

Kuɗin katin ba sai na faɗa ba, na dai ƙara jaka guda a kai na aikin. Kuma wallahi ranar farko na ce jakar nan ta halatta. Yaron ya zauna da salular ya buɗe Files na Google, ya fara da tsintar hotunan da suka maimaita kansu, ashe modal ɗaya sai ka same shi a wuri uku ko huɗu, wanda aka turo ta WhatsApp, wanda na karɓa ta Xender, da wanda na ƙara ɗauka daga status ɗin wani. Da ya share waɗannan kaɗai salular ta yi numfashi. Ya nuna mani kuma wai abin da aka goge ba ya tafiya nan take, yana zama a kwandon shara kwana 30, ko da an yi kuskure a iya maido shi. Daga nan ya buɗe dosiye dosiye, MAZA, MATA, YARA, SURFANI, AWO, KARATU, ya sa lamba a gaban kowane suna don su jeru yadda nake so ba yadda haruffa suka so ba. Abin da ya fi yi mani daɗi shi ne dosiyen hotunan matan mutane, waɗanda suke aiko da hotonsu sanye da ɗinkin da suke so a maimaita. Ya saka wani ɗan fanko a ciki mai suna .nomedia, da ɗigo a farkonsa, shi ke nan hotunan suka ɓace daga galeri, sai ka bi ta dosiyen za ka gan su. Wanda bai yi tela ba ba zai gane girman wannan ba, ka miƙa wa magidanci salula ya zaɓi modal, yana ta shafa yatsa yana wucewa, kai kuma gabanka na faɗuwa kada ya faɗa kan hoton matar maƙwabcinsa.

Sai ya ce, Baba, in mayar maka da apilikasiyon ɗin ma cikin memori? Na ce in zai yiwu mana, ai abin da ya kawo ni ke nan. Ya danna abin da zai danna, ya ce an gama, yanzu salularka da katin sun zama abu ɗaya. Iyakar bayanin da aka yi mani ke nan, sun zama abu ɗaya. Kuma gaskiya na ji daɗinsa watanni, saƙon wuri ya cika ya daina zuwa, duk abin da ya shigo ta WhatsApp kai tsaye yake sauka a katin, ban ƙara goge hoton kowa ba. Ɗan nauyi da nake ji in na buɗe Facebook ko kamara ban dame shi ba, na ɗauka rezo ne ko zafin gari.

To goman ƙarshe na azumi, lokacin da tela ba ya sanin dare ba ya sanin rana, shadda ta cika tebur har ƙasa, aparantina ya ja waya zai jona dutsen guga, salular tana sarji a kan keke, ta faɗo da fuska a kan siminti. Gilashin ya yi baƙi ƙirin, tana ƙara in an kira amma ba ka ganin komai. Ban ma damu sosai ba a lokacin, na ce ai komai na cikin memori, na zare katin da allura na saka a salular aparantin. Sai ta rubuto wai ba ta gane wannan katin ba, sai an yi masa formate, wato a goge duk abin da ke cikinsa. Na cire na hura masa iska na goge da bakin riga na mayar, haka. Na kai wa maƙwabcina mai shagon fotokopi ya saka a kwamfuta, ita ma formate take nema. Awon mutane sama da yadda zan iya riƙewa a ka, wasu sun taho daga Mirriya da Matameye sun bar yadi sun koma, wasu awon ta vokal suka aiko shi daga Agadas, kayen kuma rabinsa kawai na rubuta saboda na saki jiki da hoto. Ga azumi a bakina, ga rana ta take, na hau kabu-kabu na nufi butik ɗin jikina na rawa.

Abin da ya ƙona mani rai ba ɓacewar ba ce, amsar da na samu ce. Yaron ya karɓi katin ya juya shi ya ce, a'a Baba, ai wannan interne aka yi shi, ba ya buɗuwa a wata salula. Na ce wa ya yi shi interne ɗin? Ya ce ai kai ka ce a mayar da apilikasiyon. Na ce ɗana, na ce a mayar, amma ka faɗa mani in salular ta mutu katin ya mutu tare da ita? Ya yi shiru yana danna tasa salular. Wani abokinsa da ke gefe har yana cewa a yi formate kawai a huta, katin ai bai lalace ba. Katin bai lalace ba! Kamar a ce maka gidanka ya ƙone amma kada ka damu kwaɗo da mabuɗi suna nan lafiya.

Maigidansu ne ya shigo ana cikin haka, dattijo mai natsuwa, shi ya zaunar da ni a benci ya yi mani bayanin da ya kamata a yi mani tun ranar farko. Ya ce tun Android 6 da ta fito a 2015 in ka saka sabon kati wasu salula suna ba ka zaɓi biyu. Ko ka bar shi portabul, wato na ajiyar hoto da waƙa da bidiyo, ka cire ka saka inda ka ga dama, ko ka mayar da shi interne, a nan salular za ta goge shi ta kulle shi da wani mabuɗi da ke ajiye cikin cikinta ita kaɗai. Shi ya sa apilikasiyon ke iya zama a kai, shi ya sa kuma babu wata salula ko kwamfuta da za ta karanta shi. Ya ce yawancin salular Samsung ma ba su saka wannan zaɓin ba sam. Sai ya tambaye ni tambaya ɗaya, Malam, an yi wa salular filashin ko an mayar da ita sabuwa? Na ce ba wanda ya taɓa ta. Ya ce to alhamdu lillahi mabuɗin na nan, gilashi kawai za a canza, amma ka tsaya a kan mai gyaran, kada ya kuskura ya yi mata reset, wato ya mayar da ita sabuwa, in ya yi ko wanda ya ƙera katin ba zai fito maka da hoto ɗaya ba.

Haka na tsaya a kan mai gyara kamar mai gadi har ya ɗaura sabon gilashi, aka mayar da katin, aka kunna. Dosiyen AWO na fara buɗewa. Suna nan. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Bayan Sallah na koma, dattijon ya kwashe komai ya zuba a kwamfutarsa, ya maido apilikasiyon ɗin cikin salula, ya yi wa katin formate a portabul, kafin ya mayar da kayan kuma ya gwada shi da wani abu wai H2testw, mai cika katin taf da bayanai sannan ya karanta ya ga ko sun dawo daidai. Ya ɗauki lokaci sosai amma katin ya ci jarrabawa. Na ga kwamfutar ta nuna giga 59 da ɗoriya na ce to ina sauran, ya yi dariya ya ce lissafi ne, masu ƙerawa da 1000 suke ƙirga, kwamfutar da 1024, duk katin 64 na gaskiya haka yake nunawa. Na jabu shi ne wanda zai rubuta maka 64 alhali cikinsa bai fi 8 ba, kana zubawa yana karɓa, sai ranar da ka buɗe ka tarar hotunan sun zama fanko. Nan dai na yaba musu, ba su sayar mani da irin wannan ba, kuma bai karɓi ko dala a wannan aikin na biyu ba.

Amma kuma a nan na gano wani abin. Katin nawa alamar 10 ce kawai a jikinsa cikin da'ira, wato yana rubuta aƙalla mega 10 a sakan, ya isa hoto da bidiyo. Wanda aka yi don ɗaukar apilikasiyon shi ne mai alamar A1 ko A2. To ashe nauyin nan da na yi watanni ina zagin rezo a kansa daga nan yake. Yaron yana da masu A1 a rataye a bayansa ranar, na gan su da idona daga baya, bai ce mani ga wanda ya dace da abin da kake so ba. Ko bai sani ba ne ko bai damu ba, duka biyun ba su yi ba ga mai karɓar kuɗin aiki.

Yanzu da yake portabul hankalina a kwance, in salular ta faɗi gobe katina zan zare in wuce. Sai dai wahalar da na gudo ta dawo rabi. WhatsApp a cikin salula yake ajiye kayansa, can cikin Android, media, com.whatsapp, ba ya sauka a katin da kansa, sai duk ranar Juma'a in na rufe shago in zauna in kwashe da hannu in rarraba a dosiye. In ka kwashe kuma hoton ba ya ƙara buɗuwa daga cikin hirar, sai ka je dosiyen ka neme shi, don haka nake barin na masu ɗinkin da ban gama ba sai sun karɓi kayansu. Kamara kam na saita ta tana zubawa a katin kai tsaye. Kuma in za a yi adalci, wancan kullewar tana da nata amfanin, da ɓarawo ya fizge salular a lokacin ya zare katin ba zai ga hoton matar kowa ba, yanzu kuwa .nomedia ɗin nan galeri kawai yake ɓoye wa, duk wanda ya saka katin a kwamfuta zai ga komai. Waɗannan hotunan na rage su sosai, in ɗinki ya fita sai in goge.

Wani haushin na ƙarshe, na ce tunda ya zama portabul bari in saka shi a ƴar rediyon shago mai cin memori mu saurari karatu da yara. Ko motsi ba ta yi ba. Wai katin da ya wuce giga 32 da tsarin exFAT yake zuwa, irin waɗannan rediyoyin kuma yawancinsu FAT32 suka sani. Sai da na nemo tsohon katina mai giga 8 na zuba mata karatun daban. Wannan ma da an tambaye ni me da me zan yi da katin kafin a karɓi kuɗina da an faɗa mani.

Masu cewa in ba su shawara ko su kai tasu, ku kai, shirya dosiye kam yaron gwani ne, har yau da tsarinsa nake aiki kuma ban taɓa neman modal na rasa ba. Amma ku je da safe lokacin da maigidan yake nan, in kuma kuka ji an ce za a mayar muku da apilikasiyon cikin memori ku riƙe hannunsa tukuna ku tambaya interne ko portabul. Ni dai jakata guda har yanzu ina jin rabinta ya kamata a maido mani, kuɗin gilashi kuma aparantina yana biya kaɗan kaɗan.